Durƙuso Ga Na Sama, Tsawa Ga Na Ƙasa

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani dattijon ikkilisiyarmu ya ce in shigo motarsa ya rage mini hanya zuwa Gawuna, amma sai mun biya ta gidansa a Nassarawa GRA ya ɗauki wata takarda. Wa'azin ranar a kan babi na 13 na Bisharar Yohanna aka yi shi, inda Yesu Almasihu ya ajiye mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa. Dattijon nan shi ya rufe taro da addu'a, har muryarsa na rawa. Da muka isa ƙofar gida ya danna hon sau biyu, mai gadi bai fito ba. A na uku sai ga tsoho ya taho da sassarfa, buta a hannu, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ba zan maimaita abin da aka faɗa masa ba. Ya isa in ce a haife ya haifi maigidan, kuma "kai" ita ce kalma mafi daɗi da ya samu. Ba mu gama shiga ba waya ta yi ƙara. Babba ne daga ofis. Nan take murya ta yi laushi, "ranka ya daɗe" ta yi ta zuba, har na ga mutumin yana rusunawa a bayan sitiyari, yana yi wa wanda ba ya ganinsa ladabi.

Ni kuwa ina zaune a gefe, ban ce uffan ba. Na karɓi ragin hanyata, na yi godiya, na sauka. Saboda haka wannan rubutu bai tsallake ni ba.

Ni Bahaushe ne kuma Kirista, cikin waɗanda muke kiran kanmu Masihiyawa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma na san akwai 'yan'uwana da za su ce na fito da wankin gida bakin titi. To, mai gadin nan bai buƙaci karanta rubutuna ba kafin ya san halinmu. Direbobinmu da 'yan aikinmu da masinjojinmu sun daɗe da sani. Abin da nake son faɗa shi ne, mu masu boko da albashi mun ɗauki halaye biyu da addininmu ya fi yabo, wato tawali'u da ƙarfin halin faɗar gaskiya, mun juya musu alƙibla. Tawali'unmu sama yake kallo, jaruntakarmu kuwa ƙasa. Wanda ya iya yi mana illa shi muke yi wa durƙuso, wanda ba ya iya ramawa shi muke yi wa tsawa. Koyarwar da muke ji kowace Lahadi akasin haka take.

Ladabi da tawali'u

Bahaushe bai jira wani mai wa'azi ya koya masa ladabi ba. Muna cire takalmi gaban manya, muna durƙusawa mu gaida iyaye, ba ma kiran sunan ɗan fari. Wannan gado ne mai kyau, ba na neman a yar da shi. Amma ladabi ga na sama yana da riba, kuma duk abin da ke da riba ba ya isa ya zama ma'aunin zuciya. Ɗan kwangila ma yana durƙusa wa kwamishina. Ana gane tawali'u ne a inda babu abin samu.

Shi ya sa labarin wanke ƙafa yake da nauyi. A ƙasar Yahudiya ta wancan zamani mutane da takalman fata suke tafiya cikin ƙura, kuma wanke ƙafar baƙo aikin bawa ne ko ƙaramin ɗan gida. Malami ya tashi ya yi wa ɗalibansa wannan aiki, har da wanda ya san zai bashe shi a daren. Bitrus da farko ƙi ya yi, domin ya ga an kifar da tsarin girma. Kifarwar ita ce darasin. Idan aka maida shi bikin shekara-shekara na ranar Alhamis kafin Ista, a zaɓo mutum goma sha biyu da suka riga suka wanko ƙafafunsu daga gida, a zuba musu ruwa a ɗauki hoto, an yi ibada, amma ba a taɓa komai a tsarin gidajenmu ba.

Ku zo mu duba tsarin. Kowace safiya mutane na fitowa daga Gawuna da Gama da Tudun Wada da Tudun Murtala, wasu a ƙasa wasu a adaidaita sahu, su nufi manyan gidajen GRA: masu wanki da guga, masu shara, masu dafa abinci, masu ban ruwan fulawa. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, gwamnatin Kano kuma ta amince da dubu 71 ga ma'aikatanta. Dokar ba ta hau kan wanda yake da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ma'ana, a ƙarƙashin wannan doka babu kotun da za ta tambaye ka nawa kake biyan yarinyar da aka kawo maka daga ƙauye. Tsakaninka da ita sai lamirinka. A nan ake awon tawali'u. Mutumin da ke fitar da zakkarsa a majami'a ba ya latti, amma albashin mai gadinsa sai goma ga wata, kuma sai an roƙa, ya karanta babi na 5 na wasiƙar Yaƙub, inda aka ce haƙƙin ma'aikacin da aka danne yana da baki, kuma kukansa yana isa kunnen Ubangiji.

Takobi da gaskiya

Ƙarfin hali ma mun sauya masa ma'ana. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. 'Yan sa'o'i bayan haka, yana jin ɗumin wuta a tsakar gida, wata baiwa ta tambaye shi ko yana tare da mutumin da aka kama, ya rantse bai san shi ba. Mutum ɗaya ne, dare ɗaya ne. Jaruntakar fushi tana da arha, domin jini ne ke tafasa kuma akwai 'yan kallo. Wadda ta gagare shi ita ce ta amsa tambaya da gaskiya lokacin da gaskiyar za ta ja masa asara.

Mu ma muna da takubbanmu. A Facebook da zaurukan WhatsApp ba a fi mu zafi ba: a zagi wancan malami, a yi wa wancan gwamna tatas, a tura hoton gawar da ba a san inda aka ɗauke ta ba. Litinin da safe kuwa, a kawo fayil ɗin da kowa ya san ƙarya ne, a sa hannu.

Na sa hannu ni ma. Shekarun baya, a wani wurin aiki da ba zan ambata ba, aka kawo mini takardar halartar taron ƙara wa juna sani na kwana uku. Taron awa biyu aka yi, rabin sunayen kuma ba su taka wurin ba. Wanda ya kawo takardar ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya sa, kai kaɗai ake jira." Na tuna kuɗin makarantar yara, na tuna ni kaɗai ne mai irin sunana a sashen, na ce wa kaina zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Na sa, na karɓi ambulan, ranar Lahadi na fitar da zakkarsa. Ba wanda ya tsare ni da bindiga. Tsoron a daina gaishe ni da fara'a ne kawai.

Kwatanta wannan da Dakta Stella Ameyo Adadevoh. A watan Yulin 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya faɗi a filin jirgin saman Legas, aka kai shi asibitin da take aiki. Ta yi zargin Ebola ce. Aka matsa mata lamba ta sallame shi ya tafi taro a Kalaba, ta ƙi. Ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agustan 2014. A ƙarshe mutum 20 ne suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta kuɓuta. Abin da ta yi a zahiri ƙarami ne: ta ƙi sa hannu a takardar sallama. Kusan duk ƙarfin halin da ake nema daga ma'aikaci irin wannan ne. Akanta ya ƙi biyan kwangilar da ba a yi ba. Injiniya ya ƙi amincewa da rodin da bai kai ba. Malamin jami'a ya ƙi ƙara wa ɗan abokinsa maki. Annabi Natan bai tara jama'a ba lokacin da Sarki Dauda ya ɗauke matar Uriya ya sa aka kashe mijin. Shiga ya yi wurin sarki, ya ba shi labarin attajirin da ya yanka 'yar tunkiyar matalauci, da sarki ya fusata ya gaya masa shi ne attajirin.

Gadon da muke taƙama da shi

Masihiyawa muna son ba da tarihinmu, kuma muna da abin faɗa. Sai dai tarihin yana tuhumarmu fiye da yadda yake yabonmu.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayin da malaman fada ba su yarda da shi ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa, da ake kira Isawa, suka watse zuwa wajajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. Su ba Kiristoci ba ne a lokacin, kuma ba na kawo labarin don in tayar da tsohuwar muhawara. Mai karatu na iya ganin Malam Ibrahim ya yi kuskure a fahimtarsa. Abin da ba ya musuntuwa shi ne ya biya farashin abin da ya gaskata da ransa. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka iske Likita Walter Miller a birnin Zariya, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, daga baya mishan ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa, a 1929. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa.

Daga wannan ƙaramar al'umma aka samu Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Musulmi ne mafi yawan 'yan ƙungiyar, suka sa shi gaba. Aka samu Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan duk wannan Samaru ya koma, yana duba marasa lafiya yana hidimar majami'a, har rasuwarsa a 2005. A nan Kano, asibitin ido da mishan ta SIM ta buɗe a 1943, wanda yanzu yake hannun ECWA, ya yi shekara fiye da 80 yana yi wa mutane aikin yanar ido, kuma yawancin waɗanda ke layi a ƙofarsa Musulmi ne.

Akwai ɗaya ɓangaren. A 1900 Bishop Tugwell da tawagarsa, har da Miller, suka shigo Kano ba da gayyata ba, suna zaton za a buɗe musu ƙofa saboda su ne. Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Abin da isa da taƙama suka kasa samu, jinyar kutare da wanke gyambo da koyar da yara suka samo shi sannu a hankali. Amanar da ake ba Kirista a ofisoshin Arewa, har a ce a ba shi ajiyar kuɗi don ba zai ci ba, daga can aka gaje ta. Mu ne muke cinye ta.

Mumbarin da ya koyi fadanci

Ba za a ɗora wa 'yan majami'a laifi duka ba, domin abin da aka shuka daga mumbari shi ke tsirowa a ofis. Duba yadda muke gudanar da bikin godiya da gidauniyar gini. Akwai babban baƙo, akwai uban taro, akwai mai ƙaddamarwa, kowanne da kujerarsa mai laushi a gaba. A kira adadin da kowa ya bayar da lasifika, a tafa gwargwadon yawan sifilin. Gwauruwar da ta kawo naira ɗari biyu tana baya, kusa da ƙofa. Babi na 2 na wasiƙar Yaƙub kamar don mu aka rubuta shi: mai zoben zinariya a ba shi wurin zama mai kyau, matalauci a ce ya tsaya can.

Abin da ya fi wannan muni shi ne tambayar da ba a yi. Ma'aikacin da kowa ya san albashinsa ya ba da miliyoyi don rufin majami'a, ba fasto ko dattijon da zai ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, daga ina?" Sai a yi masa addu'ar ƙarin buɗi. Lokacin zaɓe kuma 'yan takara su zo neman albarka, su bar ambulan. Bakin da ya ci ba ya iya tsawatawa. Yahaya Mai Baftisma kansa aka sare saboda ya gaya wa Hiridus auren da ya yi da matar ɗan'uwansa haram ne. Da a zamaninmu ne, ina tsoron za a shawarce shi ya yi hikima, tunda sarki ya yi alkawarin fili.

'Yan'uwana Musulmi, kada ku yi murmushi da yawa. Kun san wannan hoton a naku zauren. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin alamun mulkin zalunci, kuma kun fi ni sanin hadisin da ya fifita faɗar gaskiya gaban azzalumin shugaba. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja, wanda ko ƙaramin darakta na yau zai raina. Cutar ta ajinmu ce, mu masu takardar shaida da kujera. Na fara da gidanmu ne don shi na fi sani.

"Mu fa 'yan tsiraru ne"

Ga hujjar da za a kawo mini, kuma ba wasa ba ce. Za a ce: kai da ka san Kano, ka manta Oktoban 1991, lokacin da zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke ya jawo tarzomar da ta ci rayuka? Ka manta 29 ga Afrilun 2012, da aka buɗe wuta kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero? Ka manta yadda Bahaushe Kirista yake shan tambaya kafin a yarda shi ɗan asalin garinsu ne? Wanda yake wannan hali shiru shi ne garkuwarsa. In ya ƙi sa hannu a fayil, ba za a ce mai gaskiya ba ne, za a ce arne ne mai taurin kai.

Ban manta ba. Kuma ba na kiran kowa ya je ya tsokani fitina; akwai bambanci tsakanin hikima da tsoro, kuma wanda yake da iyali dole ya auna kalmominsa. Amma hujjar tana da ramuka biyu. Na farko, tsoron tarzoma bai bayyana dalilin da ya sa ka yi wa mai gadinka tsawa ba. A ƙofar gidanka kai ne mai rinjaye. Na biyu, fayil ɗin ƙarya ba ya da addini. A ranar da na sa hannu, akwai wani abokin aiki Musulmi, ƙasa da ni a muƙami, wanda ya ce shi bai halarci kwana uku ba don haka ba zai karɓi na kwana uku ba. An yi masa dariya, an daina sa shi a kwamitoci na ɗan lokaci, bai mutu ba. Ni na fake da sunana, shi kuma bai fake da komai ba.

Kuma idan ana maganar haɗari na gaske, wasu sun fuskance shi. Ranar 23 ga Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa gaban masu makamai ya ƙi ba da su. A Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sasanci, kowannensu ya sha zargin cin amana daga mutanensa. A nan Kano, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai a Janairun 2012, matasa Kiristoci sun yi zobe suna gadin Musulmi suna salla, Musulmi kuma suka je majami'un Sabon Gari. Waɗannan mutane sun sa wuyansu. Mu abin da ake nema a wurinmu ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi ma muna cewa ya yi tsada.

Abin da ya rage

Ba ni da wani babban shiri. Abin da nake da shi ƙanana ne, kuma kowanne yana da farashi. Ka san sunan mai gadinka da sunayen 'ya'yansa, ka kira shi Baba ko Malam kamar yadda za ka kira sa'ansa a danginku. Ka biya shi ranar da kake son a biya ka. In yarinya tana aiki a gidanka, ta je makarantar da za ka iya ambata ba kunya. In ka yi wa na ƙasa da kai kuskure a gaban mutane, ka ba shi haƙuri a gaban mutanen. A ofis, ka tsai da abu ɗaya da ba za ka sa wa hannu ba, ka faɗa tun kafin a kawo shi, cikin ladabi, ba tare da wa'azi ba. A majami'a, a daina kiran adadin kyauta da lasifika, dattawa kuma su koyi tambayar "daga ina?" Wanda ya yi waɗannan zai rasa wasu ambulan, zai rasa wasu gayyata, mai yiwuwa ƙarin girma ya yi jinkiri. Ban ga inda aka yi mana alkawarin akasin haka ba.

Bayan mako uku na samu dattijon nan shi kaɗai, na ce, "Baba, akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar da ka rage mini hanya." Na faɗa masa, muryata na rawa fiye da tasa a wurin addu'a. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya ji. Ban san abin da ya yi da maganar ba. Har yanzu muna gaisawa, amma bai ƙara cewa in shigo mota ba. Adaidaita nake hawa zuwa Gawuna.